Wai yaya Kirista zai yi zafi wajen hidimar mutane? Tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan sune dai ke yawan tasowa a zumuntar matasa, a ajin baftisma, ko in an tashi sujada ana tsaye a ƙofar coci ana hira. Na amsa su ne gwargwadon abinda na fahimta a Littafi Mai Tsarki da kuma tarihin ikilisiya a ƙasarmu.

In ance wane Kirista ne mai zafi, me ake nufi?

Mu dai da yawanmu in ance wane yana da zafi cikin Ubangiji abinda ke faɗo mana a rai shine mai addu'a da ƙarfi, mai azumi, wanda baya fashin addu'ar dare, ko 'yar kwaya da in ta ɗauki waƙa sai jikinka yayi yarr. Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau kuma ina son su har raina. Amma ɗan'uwa ka buɗe Matiyu sura 25 daga aya 31 ka karanta a natse, inda Yesu ke maganar ranar da zai raba mutane kamar yadda makiyayi ke ware tumaki daga awaki. Abu shida ya lissafa: mai yunwa, mai ƙishi, baƙo, wanda bashi da sutura, mara lafiya, da wanda ke kurkuku, kuma yace abinda akayi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi akayi wa. Abinda yafi taɓa ni a wurin shine su masu adalcin basu ma san sunyi wani abu ba, tambaya suke Ubangiji yaushe muka ganka da yunwa? Kaga kenan abin ya riga ya zame musu jiki, ba lissafi suke ba.

To zafin ma iri biyu ne. Akwai na wutar kara, ta tashi bal-bal kowa ya gani, kafin a ɗora tukunya ta zama toka, akwai kuma na gungume da ke ci a hankali har gari ya waye da sauran garwashi. Na farkon shine wanda bayan taron farkawa mutum zai rantse zai ziyarci kowane majinyaci a gari, sati biyu shiru. Na biyun shine maman zumuntar mata da shekara da shekaru duk Laraba tana kai kunu gidan tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi birni, babu wanda ya taɓa kiran sunanta a sanarwa. Ni a wajena ita ce mai zafi.

Ba da alheri aka cece mu ba? Me ya kawo maganar ayyuka kuma?

Da alheri ne, ko shakka babu, Afisawa 2:8 da 9 sun faɗa ƙarara, ba aikinmu bane balle wani yayi fahariya. Sai dai a daure a ƙarasa aya ta 10, tace an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka da Allah ya shirya tun da. Yakubu ma a sura 2 cewa yayi in ɗan'uwa bashi da tufa ko abinci kace masa sauka lafiya, ka ji ɗumi ka ƙoshi, baka bashi komai ba, me ka ƙara masa? Ba muna hidima ne don a cece mu ba, an cece mu ne shiyasa bama iya zama mu naɗe hannu.

Ni da ko sisi banda shi, albashi baya kaiwa ƙarshen wata, da me zan taimaki wani?

Wannan tambayar gaskiya ce kuma bazan raina ta ba, kowa yasan yadda mudun masara da kuɗin mota suka koma. Amma 'yar'uwa ki shiga kowane asibitin gwamnati da yamma ki duba da kyau. A nan ƙasar mara lafiya baya zama sai da mai jinya, shine zai sayo magani, ya kawo abinci, ya wanke kaya, ya juya shi a gado, ya ruga ya kira nas in ruwan da aka saka ya ƙare. Akwai matar da tayi sati uku a kan tabarma a baranda bata runtsa ba saboda babu mai karɓarta. Kice mata mama je ki kwanta ni zan zauna dashi yau, wannan ko naira ɗaya baya ci, kuma wani lokacin yafi dubu goma a wajenta. Akwai bada jini, lafiyayyen mutum babba zai iya bayarwa duk bayan wata uku zuwa huɗu, kuma mata nawa ne ke rasuwa wajen haihuwa saboda ba'a samu leda ɗaya ba. Akwai ɗebo wa tsoho ruwa, akwai raka wanda bai iya karatu ba ya cika fom a banki, akwai koya wa marayan maƙwabta lissafi da daddare, akwai a haɗu ayi wa gwauruwa gayya a gonarta kafin ciyawa ta cinye.

Dokas ta garin Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9, ba'a ce mana attajira bace. Ɗinki ta iya. Da ta rasu gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa riguna da ta ɗinka musu, shaidarta kenan. Hausawa sunce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar nan Allah ya bawa mai kuɗi da talaka.

Sai Kirista ɗan'uwana kawai zan taimaka, ko har wanda ba addininmu ɗaya ba?

A nan ne zan ɗan daɗe don nasan akwai ciwo. Galatiyawa 6:10 tace muyi wa kowa alheri, musamman iyalin bangaskiya. Akwai musamman, eh, amma kowa ce ta fara zuwa. Da masanin Attaura ya tambayi Yesu wanene maƙwabcina, a Luka sura 10, sai ya bashi labarin mutumin da 'yan fashi suka yiwa jina-jina a hanyar Urushalima zuwa Yariko, firist ya ratse, Balawe ya ratse, wanda ya tsaya Basamariye ne, mutanen da Yahudawa ko ƙoƙon ruwa basa haɗawa dasu. Kuma a lura bai tsaya a ɗaure rauni ba, ya ɗora shi a dabbarsa, ya kwana yana jinyarsa, da safe ya bada dinari biyu yace wa mai masauki abinda ka kashe fiye da haka in na dawo zan biya. In na dawo. Yawancinmu zuwan farko muna iyawa, dawowar ce ke gagararmu.

Tarihinmu ma haka yake. Asibitin Vom da ƙungiyar mishan ta Sudan United Mission (SUM) ta buɗe a 1922, aikin mishan na Garkida da aka fara a 1923 wanda daga baya aka kafa mazaunin kutare a wurin lokacin da ko danginsu gudunsu suke, asibitin ido na Kano da ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission (SIM) ta fara a 1943 wanda yanzu yake hannun cocin ECWA, asibitin Galmi a Nijar tun 1950, makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Ka je Galmi ko asibitin idon nan na Kano ka ga layi, akasarin masu jiran likita Musulmi ne, kuma ba'a tambayar mutum addininsa kafin a duba masa ido. Turawan mishan suna da nasu kurakuran, wasu sun raina al'adun kakanninmu, wannan ba ɓoyayye bane, amma wannan gadon na jinyar kowa da kowa bai kamata ya mutu a hannunmu ba.

Nasan wani zai ce kai baka san abinda aka yi mana bane. Wanda aka ƙona wa coci, wanda ya gudu daga Gwoza ko Michika da kayan jikinsa kawai, 'yan cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da aka kwashe musu 'ya'ya a Chibok a Afrilun 2014 kuma a Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedkwatarsu a Kwarhi, bani da bakin da zan ce musu ku manta. Bana ce kowa ya jefa kansa cikin haɗari ba kuma. Abinda kawai zan tuna mana, a Yunin 2018 da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan yaƙi basu hanya. Dattijo ne Musulmi yayi mana abinda Basamariyen nan yayi. In ya iya, mu da muke karanta Luka 10 duk shekara bamu da hujjar cewa maƙwabcinmu sai wanda muke coci ɗaya.

Wasu na cewa taimakon Kirista tarko ne na jawo mutane addini. Gaskiya ne?

In akwai mai yin haka ya daina, don ba halin Yesu bane. A Luka sura 17 kutare goma ya warkar, ɗaya ne tak ya dawo godiya, kuma bai janye warkarwar sauran taran ba. Buhun shinkafar da aka ɗaura masa sharaɗin sai ka zo cocinmu ciniki ne, ba ƙauna ba, kuma mai yunwa yana ganewa ko bai faɗa ba. Ni bana ɓoye cewa saboda Yesu nake yi, in an tambaye ni zan faɗa da murna, in mutum yana son addu'a zan yi masa. In baya so, maganin da abincin nasa ne duk da haka, gobe ma zan gaishe shi kamar yau.

To masu yaudara fa, da waɗanda suka maida roƙo sana'a?

Akwai su, kuma za'a cuce ka wata rana, wannan kar ya baka mamaki. Bulus da kansa ya rubuta wa Tasalonikawa cewa wanda yaƙi aiki kada ya ci. Ka lura yace wanda yaƙi, ba wanda ya nema ya rasa ba. Dabara mai sauƙi itace in ance kuɗin magani ne ka karɓi takardar ku tafi kemis tare, in kuɗin makaranta ne ka biya a makarantar ka karɓo rasit. Mai gaskiya bazai ji haushi ba.

Sannan ba kullum taimako ke nufin miƙa abu ba. A Maraɗi, wani ɗan mishan na SIM daga Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yayi ta dasa itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa duk shekara ashe kututturan manyan bishiyoyi ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya fara shawo kan manoma su bar 'yan rassa masu ƙarfi su riƙa gyara su, da farko dariya akayi masa, amma manoman da kansu suka ɗauki abin suka yaɗa shi har ya kai hekta wajen miliyan 5 a Nijar. Itacen girki, abincin dabbobi, ƙasa ta farfaɗo. Wannan ma hidima ce, kuma ta bar mutane da mutuncinsu.

Laifi ne in saka hoton taimakon da mukayi a Facebook?

Matiyu 6:3 tace kada hagunka ta san abinda damanka keyi. Na yarda wani lokaci ƙungiya na buƙatar nuna wa masu bada gudummawa inda kuɗinsu ya shiga, to a ɗauki hoton buhunan da rasit. Amma dan Allah a daina tsayar da gwauruwa riƙe da ledar taliya ana cewa mama ɗago kai ki kalli waya. 'Ya'yanta suna makaranta, abokansu suna gani.

Na gaji. Kullum ni ake kira, gidana ma ya fara ƙorafi. Na ja baya ne a ruhaniya?

A'a ɗan'uwa, jiki ne da jini. A Markus 6:31 Yesu ne da bakinsa yace wa almajiransa ku zo mu keɓe ku ɗan huta, saboda mutane sun yi yawa har basu samu zarafin cin abinci ba. Kuma 1 Timoti 5:8 tana da zafi sosai akan wanda baya kula da iyalinsa, don haka in madam tace yara sun kwana biyu basu ganka ba, ka saurare ta, ba Shaiɗan ne ke magana ba.

Yawanci gajiyar na zuwa ne don an bar wa mutum ɗaya ko biyu aikin ikilisiya gaba ɗaya, ko an ɗora komai a kan baba fasto. A Ayyukan Manzanni sura 6 gunaguni ya tashi cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum, manzanni basu ce ayi shiru ana ɓata sunan coci ba, sun ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida a danƙa musu, Istifanas na cikinsu. Wannan labarin ya shafe mu kai tsaye, don a cocinmu na arewa ƙabila goma na iya zama a benci ɗaya, kuma in kwamitin jin ƙai bai yi hattara ba sai ka ga taimako na bin yare. A rubuta sunayen mabukata a littafi, a raba ziyara unguwa unguwa, kowa yasan nasa.

Naji, daga ina zan fara satin nan?

Da mutum ɗaya wanda ka riga ka sani, kar ka jira a kafa gidauniya. Ka duba wa aka daina gani a sujada, ka kira shi, in bai ɗauka ba ka taka. In gidan rasuwa ne kar ka tsaya a ranar jana'iza da kowa ke nan, ka koma bayan wata ɗaya ko biyu lokacin da aka kwashe rumfa da kujeru, dangi sun watse, mai gidan haya ya fara aike. Ka tambayi mutum me yake bukata kafin ka kawo, wataƙila kai shinkafa ka shirya ita kuma kuɗin jarrabawar ɗanta ne ya hana ta barci. Namiji kar yaje gidan gwauruwa shi kaɗai, ya tafi da matarsa ko da wata daga zumuntar mata, don kare sunanta da nasa. Ku kuma dattawan ikilisiya musamman na karkara, hatsin da ake kawowa baikon godiya da kaka kar a sayar ko a rabar duka a Disamba lokacin da kowa ke da abinci, a sa magani a ajiye wani kaso a rumbu har Yuli da Agusta, lokacin ne tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kuma lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara.