Waiwaye: Daga "Babu Mai Rai a Ƙasan Teku" Zuwa Rigimar Haƙar Ma'adinansa

Mai haƙar rijiya a Daura ko Katsina da gaba yake auna zurfi, wato tsawon hannu biyu in an miƙe su. Matuƙa jiragen ruwan Turawa ma da gaba suke auna teku, tasu gabar mita 1.8 ce da ɗan ɗoriya. A 1843 wani masani ɗan Birtaniya, Edward Forbes, ya yanke hukunci cewa daga gaba 300 zuwa ƙasa, kimanin mita 550, babu wani mai rai a teku.

Ba daga zaune ya faɗi haka ba. Ya yi aiki a tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya, yana jefa wata jaka mai bakin ƙarfe, jirgi na jan ta bisa laka, kamar yadda ake zura ƙugiya neman gugan da ya faɗa rijiya. Abu biyu suka yaudare shi. Bakin jakar ƙarami ne, da ta cika da laka sai ta koma turin ƙasa, ba ta ƙara kwasar komai. Sannan wannan yankin teku yana cikin mafi ƙarancin abinci, dabbobinsa ba su da yawa tun asali.

A 1860 aka jawo wayar tangaraho da aka shimfiɗa tsakanin tsibirin Sadiniya da Aljeriya don gyara, daga zurfin da ya haura gaba 1,000, sai ga murjani da wasu halittu manne a jikinta. Daga 1872 zuwa 1876 jirgin Challenger na Ingila ya zaga duniya, ya tsaya a wurare 362 yana awo da yasa, ya dawo da halittu sama da 4,000 da kimiyya ba ta san su ba. Maganar Forbes ta faɗi ke nan.

Yanayin wurin kuwa ba sauƙi. Hasken rana da tsiro ke buƙata yana ƙarewa wajen mita 200, daga mita 1,000 duhu ne ƙirin. Ruwan yana tsakanin digiri 1 zuwa 4, sanyin firji. Duk mita 10 nauyin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu. A mita 4,000, inda mafi yawan shimfiɗar ƙasan teku take, fili mai girman farce yana ɗauke da kusan kilo 400, buhun siminti takwas ke nan. Abinci daga sama yake zuwa: matattun ƙananan halittu da kashinsu suna gangarowa kamar ƙurar hunturu, kaɗan ne kuma ke isa ƙasa. Da wannan ƙurar kokwamban teku da tsutsotsi da soso da ƙananan dangin jatan lande ke rayuwa. In gawar ƙaton kifin wel ta nutse, shekaru ake yi ana cin ta, har da wata tsutsa da ƙashi kaɗai take ci, wadda sai 2004 aka bayyana ta.

Fito da irin waɗannan dabbobi lafiya shi ne aiki. Raga tana murƙushe masu taushin jiki. Ɗumin ruwan sama yana kashe su tun kafin su iso jirgi. Kifin da ke da jakar iska a cikinsa, iskar na kumbura yayin hawa har ta turo tumbinsa ta baki. Kuma raga mai manyan idanu tana zubar da mafi yawan abin da ke cikin laka. Sai a shekarun 1960, da Howard Sanders da Robert Hessler na Amurka suka koma amfani da raga mai ƙananan idanu kamar rariyar tankaɗe, aka gane lakar nan cike take da iri-irin halittu.

Mutum ya sauka da kansa wuri mafi zurfi a teku a ranar 23 ga Janairu 1960. Jacques Piccard da Don Walsh suka shiga wani jirgin nutso mai suna Trieste, suka kai kusan mita 10,900 a kwarin Mariyana na tekun Fasifik. Saukar ta ci kusan awa biyar, zaman ƙasa minti 20, laka ta turnuƙe ba su samu hoto ba. Kifi kansa yana da iyaka: mafi zurfin da aka ɗauki hotonsa mita 8,336 ne, kusa da Japan, a 2022.

Babban sauyi a 1977 ya zo. Masana duwatsu suka sauka da ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin kusa da tsibiran Galapagos, zurfin mita 2,500, suna neman maɓuɓɓugar ruwan zafi. Ba su tafi da masanin dabbobi ko ɗaya ba, don ba wanda ya zaci za a buƙace shi. Suka tarar da ƙaguwa, da manyan katantanwa, da tsutsotsi masu jan kai a cikin fararen bututu, wasu sun kai mita biyu. Tsutsar ba ta da baki, ba ta da hanji. Ruwan teku yana shiga tsagar dutse, ya yi zafi, ya fito ɗauke da iskar ƙibiritu mai warin baragurbi. Jan kan tsutsar yana zuƙar wannan iska tare da iskar shaƙa, jininta ya kai su ga bakteriyar da ke zaune a cikin jikinta, bakteriyar ta haɗa abinci su ci tare. A 1979 aka ga wasu maɓuɓɓuga suna feso baƙin ruwa mai zafin digiri 350, ba ya tafasa saboda nauyin ruwan da ke danne shi.

Rigimar yau kuwa tun jirgin Challenger aka fara jawo sanadinta: wasu baƙaƙen dunƙule kamar curin fura, barbaje a kan laka. Suna ɗauke da manganis, nikel, kobalt da jan ƙarfe, ma'adinan da ake yin batir da su, na waya da na mota mai lantarki. Wanda ya sayi waya a Babbar Kasuwar Katsina yana da alaƙa da batun ko bai taɓa ganin teku ba. Mafi yawansu suna yankin Clarion-Clipperton, tsakanin Hawai da Meziko, a zurfin mita 4,000 zuwa sama da 5,000. Kowane curi milimita kaɗan yake ƙarawa a shekara miliyan. A wannan filin laka shi ne kusan kaɗai wuri mai tauri da soso da murjani za su kama, don haka kwashe shi kwashe gidansu ne. Wani ƙidaya na 2023 ya samu halittu sama da 5,000 a yankin, kusan tara cikin goma ba a ma raɗa musu suna ba.

Na wa ne wannan dukiya? A 1967 Arvid Pardo, jakadan Malta, ya nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ƙasan tekun da ke wajen iyakar ƙasashe a matsayin gadon ɗan Adam baki ɗaya. Hakan ya shiga yarjejeniyar dokar teku ta 1982, wadda ta fara aiki a 1994, aka kafa hukumar kula da ƙasan teku a Kingston ta Jamaika. Najeriya mamba ce, Amurka ba ta amince da yarjejeniyar ba. Ɗan Ghana, Nii Allotey Odunton, ya shugabanci hukumar daga 2009 zuwa 2016. Lasisin bincike hukumar ta bayar, kusan 30. A 2021 tsibirin Nauru, wata ƙaramar ƙasa a tekun Fasifik, ya matsa a kammala dokokin haƙa cikin shekara biyu, wa'adin ya cika a 2023 ba a kammala ba. A 2023 ɗin ne Najeriya ta kafa ma'aikatar harkokin teku, ga shi dama tun 2005 ana haƙo mai a Bonga, wani filin mai a tekun Najeriya, inda zurfin ruwa ya haura mita 1,000.

Masu son haƙa suna cewa ya fi sare daji da ƙaurar da ƙauyuka a tudu, kuma maganar tana da nauyi. Amma injin da zai yi aikin yana tafiya ne kan laka, ya zuƙe curin tare da saman lakar da dabbobi ke ciki, ya tura ta bututu zuwa jirgi, ƙurar da ya tayar ta sauka ta toshe masu tace abinci daga ruwa. An gwada makamancin haka. A 1989 masana daga Jamus suka ja garma mai faɗin mita 8 a ƙasan teku yamma da Peru, a fili mai murabba'in kilomita 11. Da aka koma a 2015, bayan shekara 26, sawun garmar na nan raɗau, dabbobin da ke manne wa curi kuma ba su dawo ba.