Bindigar iska mai sifirin

Bindigar iska mai sifirin bindiga ce da ke harba ɗan ƙaramin harsashin dalma da ƙarfin iskar da fistin ya matsa a cikin silinda, ba ta amfani da albarushi ko tukunyar gas. Duk ƙarfinta daga hannun maharbi yake fitowa: shi ke matse sifirin lokacin da ya ɗana ta, kunama kuma ta sake shi. A Ingila da Jamus aka fi ƙera irin waɗannan bindigogi a ƙarni na 20, kuma a can ne masu tara tsofaffinsu da masu gyaransu suka fi yawa.

Yadda take aiki

Idan aka ja kunama, sifirin yana tura fistin gaba da gudu. Iskar da ke gabansa ta matsu, ta yi zafi, ta bi ta wata 'yar kafa mai faɗin kimanin milimita 3 zuwa bayan harsashi. Kafin fistin ya kai ƙarshen silinda sai matsattsiyar iskar ta tare shi, ya ɗan koma baya, sannan ya sauka. Duk wannan yana faruwa cikin kusan kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa, kuma akasarinsa harsashi na cikin bututu bai fita ba. Shi ya sa bindigar ke motsi sau biyu, da farko baya, sai kuma gaba. Kusan duk abin da ke da wuya a harbinta da gyaranta daga nan ya taso.

Manyan hanyoyin ɗana ta uku ne. Akwai mai karyewa, wadda ake lanƙwasa bututun ƙasa ya zama shi ne liba. Akwai mai liba a ƙarƙashin bututu, da mai liba a gefe. A waɗannan biyun bututu ba ya motsi.

Tarihi

An riga an san bindigogi masu sifirin a Turai da Amurka tun ƙarni na 19. Henry Quackenbush na garin Herkimer a jihar New York ya sayar da su da yawa daga shekarun 1870, masana'antun Jamus kuma suka cika kasuwa da wani samfuri mai araha da aka sani da Gem. Yawancinsu bututunsu ba shi da murɗaɗɗen zane a ciki, ba sa kai harsashi daidai sai a kusa.

Canjin ya zo ne daga Birmingham. Wani maƙerin bindiga mai suna Lincoln Jeffries ya yi rajistar ƙirar da bututunta ke kafe, liba na ƙasa, ana sa harsashi ta wani famfo da ake murɗawa a gindin bututun. Kamfanin BSA, wanda sana'arsa ƙera bindigogin soja ce, ya fara yin ta a 1905 da irin ingancin da yake yi wa kayan yaƙi. Ta sami kasuwa nan take, domin a lokacin wasan harbin ƙararrawa ya bazu a mashaya da kulob-kulob na ma'aikata a tsakiyar Ingila. Ana tsayawa yadi 6 daga wani faranti na ƙarfe da aka shafa wa farin fenti, mai rami a tsakiya da faɗinsa bai kai rabin inci ba. Harsashin da ya shiga ramin sai ya buga ƙararrawa. Har yanzu akwai ƙungiyoyin da ke yin sa.

Webley & Scott, shi ma na Birmingham, ya fitar da Mark II Service a farkon shekarun 1930, wadda ake iya sauya mata bututu iri uku masu faɗi daban-daban. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu BSA ya kawo Airsporter a 1948, wadda aka ɓoye libarta cikin katako har ta yi kama da bindigar farauta, sannan Meteor a 1959, wadda yaran Birtaniya da yawa suka koyi harbi da ita.

Tarihin Jamus ya fi sarƙaƙiya. Kamfanin Mayer & Grammelspacher na Rastatt, wanda aka kafa a 1890, shi ne asalin mai sunan Diana. Bayan yaƙi an kwashe injinansa, suka ƙare a hannun kamfanin Milbro a Sikotland tare da ikon amfani da sunan a Birtaniya. Da masana'antar Rastatt ta farfaɗo sai ta riƙa sayar da kayanta a Birtaniya da sunan Original, har zuwa wajen shekarun 1980. Saboda haka ana samun Diana ta Sikotland da Diana ta Jamus, kuma ba abu ɗaya ba ne, ko a inganci ko a farashi. Weihrauch, wanda ya faro a Zella-Mehlis a 1899 ya koma Mellrichstadt bayan yaƙi, ya fitar da HW35 a 1951. Tana da sakata da ke kulle bututu, da silinda mai faɗin milimita 30, daga baya aka sa mata kunamar Rekord, wadda har yau da ita ake gwada sauran. Ba a daina ƙera HW35 ba.

Masu gasar harbi daga nisan mita 10 su ne suka fi damuwa da motsin bindiga, kuma Jamusawa sun magance shi ta hanya biyu. Diana ta yi amfani da tsarin Kurt Giss, fistin biyu da ke gudu gaba da baya a lokaci guda, ɗaya na kashe girgizar ɗaya. Feinwerkbau na Oberndorf ya ɗora duk ƙarfen bindigar a kan wasu sanduna, yana zamewa baya kaɗan ba tare da katako ya motsa ba. Samfurin 300S ya mamaye gasa a shekarun 1970. A farkon shekarun 1980 HW80 da HW77 suka fito, ta biyun ta yi fice a sabon wasan harbin gumakan ƙarfe a fili da aka fara a Ingila. Daga nan bindigogi masu tukunyar iska suka karɓe yawancin gasa.

Faɗin bututu, ƙarfi da doka

A ma'aunin inci, an fi samun .177 (milimita 4.5) da .22 (milimita 5.5), sai .20 da .25 jefi-jefi. Tsofaffin .22 na Birtaniya sun ɗan fi faɗi, kusan milimita 5.6, don haka harsashin zamani yakan yi musu sako-sako.

Ana lissafin ƙarfi daga nauyin harsashi da gudunsa: a ninka gudun da kansa (ƙafa a daƙiƙa), a ninka da nauyi a ma'aunin giren, a raba da 450,240. Harsashi mai giren 8.44 da ke gudun ƙafa 790 yana ba da kusan 11.7 a ma'aunin ƙarfi da ake kira ƙafa-fam. A Ingila da Wales iyakar da ba ta buƙatar lasisi ita ce 12 a wannan ma'auni, wato kimanin jul 16. A Jamus jul 7.5 ne, kuma ana buga harafin F cikin zane mai kusurwa biyar a jikin bindigar. Sikotland ta wajabta takardar izini tun ƙarshen 2016. Dokar kowace ƙasa daban take.

Tarawa

Abin da masu tarawa ke nema shi ne bindiga yadda ta fito daga masana'anta: baƙin rinin ƙarfe na asali, saitin gaba da na baya duk suna nan, kan sukurori bai lalace ba, ba a huda silinda don ɗaura madubin hange ba. Sake rina ƙarfe yakan rage daraja. Wannan ya fi tsanani ga BSA na tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, domin rubutun da ke kan silindarsu da sinadari aka zana shi, sama-sama ne, goga ɗaya da samfefa ya tafi har abada. Tsatsa mara zurfi ana cire ta da mai da lallausan soson ƙarfe, a hankali. Ana gane shekarun BSA daga haruffan da ke gaban lambar jikinta, Diana da yawa kuma an buga musu wata da shekara da ƙananan lambobi a bayan silinda.

Feinwerkbau 124 da Diana masu tsarin Giss suna da lahani sananne: robar kan fistinsu ta asali tana rududdugewa da tsufa. Wadda ta daɗe a ajiye ba a harba ta sai an buɗe an duba.

Gyara da daidaitawa

Manufar gyaran ƙwarai ita ce bindiga ta harba da santsi, gudun harsashi ya zama kusan ɗaya kowane lokaci. Ƙara ƙarfi ba ya cikin wannan. Sifirin da ya fi ƙarfin bindiga yana ƙara girgiza, yana cinye libar ɗanawa, yana fasa katako, kuma sau da yawa gudun da ya ƙara bai taka kara ya karya ba, domin yawan iskar da silinda ke ɗauka shi ne iyaka.

Ana farawa da auna gudun harsashi goma da na'ura. Bambancin da bai wuce ƙafa 10 zuwa 15 ba tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri alama ce ta lafiya. Sai a duba robar gindin bututu: a ɗora 'yar takarda mara nauyi a kan mahaɗar, a harba, idan ta yi tsalle, iska na zurarewa.

Kafin buɗewa dole a tabbatar ba a ɗane take ba kuma babu harsashi. Ko ba a ɗana ba sifirin yana matse a ciki, a wasu samfura da inci biyu ko fiye, don haka ana sa bindigar a matsi na musamman kafin a cire fil ko murfin baya, sannan a sassauta sannu a hankali. Wanda ya yi da hannu kawai yana iya rasa haƙori ko ido. Bayan an fitar da sifirin da fistin sai a wanke tsohon giris gaba ɗaya, a goge kaifin bakin tsagar da liba ke bi da ƙaramin magagari, domin wannan kaifin ne ke yanke sabuwar roba tun wajen shigar da ita. Sifirin da ya lanƙwashe, wanda ake ganewa idan aka mirgina shi a kan tebur, a sauya shi. A goge ƙarshensa biyu su yi sumul don ya iya juyawa. Ƙarar "tirrr" da ake ji bayan harbi daga sandar da ke cikin sifirin take, idan ta yi masa sako-sako; sabuwar sanda ta roba mai tauri da ta shiga daidai tana kashe ƙarar fiye da kowane giris.

Wajen mai ne aka fi yin ɓarna. Girisin moli, wato mai sinadarin molibdenom, kaɗan ake shafawa a bayan fistin da gefen robar, ba a gabanta ba. A jikin sifirin ma shafa ce kawai. Idan ya yi yawa yana rage gudu, kuma gudun ya riƙa canzawa da zafi da sanyi. Man da ya shiga gaban fistin yana kamawa da wuta saboda matsi, kamar yadda injin dizal ke yi. Ɗan hayaƙi ba komai ba ne a tsohuwar bindiga, amma ƙara mai ƙarfi kamar ta albarushi na nufin fashewa, wadda ke ƙona roba ta karya sifirin. Gwajin da wani mai binciken bindigar iska mai suna Cardew da ɗansa suka yi a Birtaniya, inda suka harba HW35 cikin iskar naitirojin, wadda mai ba ya ƙonewa a cikinta, ya nuna ƙarfinta ya faɗi sosai da babu ƙonewar mai. Ana saɓani a kan ko hakan ya shafi bindigogi masu robar zamani.

Masu fata a kan fistin maimakon roba, wato yawancin waɗanda aka ƙera kafin shekarun 1970, hukuncinsu daban ne. Fata tana son mai. Sabuwa ana jiƙa ta cikin man fata na kwana ɗaya kafin a ɗaura, tsohuwa kuma ana ɗiga mata ɗigo biyu ko uku ta kafar iska idan ƙarfi ya ragu, a jingine bindigar bakinta sama ta kwana. Man silikon ba a sa shi inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Bayan an haɗa, sai an yi harbi ɗari ko fiye kafin gudu ya zauna, sannan a sake aunawa don kada a wuce iyakar doka.

Harbi

Tun da bindigar na motsi kafin harsashi ya fita, ba a ƙanƙame ta. Ana ɗora gabanta a kan buɗaɗɗen tafin hannu, a wuri ɗaya kowane lokaci, gindinta ya taɓa kafaɗa ba tare da dannawa ba, a bar ta ta yi motsinta, ido na kan saiti har harsashi ya sauka. Ɗora katakon kai tsaye a kan dutse ko tebur yana watsa harbi. Kowane bututu yana da harsashin da ya fi so, kuma gwaji ne kawai ke nuna shi. Idan harbi ya fara watsewa ba dalili, sukurorin katako ake fara dubawa, domin girgiza na kwance su.

Motsin gaba yana lalata madubin hangen da ba don irin wannan bindiga aka yi shi ba, yana kuma tura maɗaurinsa baya, sai an sa fil na tsayarwa. Ba a harba ta babu harsashi, don fistin zai daki ƙarshen silinda ba matashin iska. Ba a barin ta a ɗane na tsawon kwanaki. Lokacin sa harsashi a mai karyewa, hannu ɗaya yana riƙe da bututu: idan kunama ta kuɓuce, bututun zai koma sama da ƙarfi, ya lanƙwashe, ya tsaga katako, ya datse yatsan da ke kan hanya.

Amfani a yau

Ana amfani da su wajen koyon saiti, kashe ɓeraye da zomaye a gonaki inda doka ta yarda, da rukunin masu sifirin a gasar fili.