Ma'anar "bayyana albashi" da abin da ya haɗa shi da giɓin albashin mata

Ƙanwata tana koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a nan Kumasi, ba nisa da Aboabo. Ƙarshen wata, akawu yakan kira malamai ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa kowa ambulan a liƙe, ya ɗora littafi a kan takardar sa hannu don kada idon mutum ya sauka a layin wani. Shekararta huɗu a haka. Wata rana aka yi kuskure aka ba ta ambulan ɗin wani malami da aka ɗauka bayanta, takardar shaidarsu iri ɗaya, darasinsu iri ɗaya. Ta riga ta ƙirga kuɗin kafin ta lura da sunan. Da yamma ta shigo gidana, ko mayafi ba ta cire ba, ta ce: "Yaya, ashe duk shekarun nan ni ce mai araha." Da ta samu mai makarantar, sai ya ce mata wancan magidanci ne, ita kuwa tana da mai ciyar da ita. Sannan ya ja mata kunne cewa maganar albashi sirri ce.

Wannan "sirri" shi ne abin da ake son kawarwa idan aka ce bayyana albashi. Mutumin zango in ya ji kalmar, gabansa faɗuwa yake yi, kuma ina gane dalili. Mun tashi muna jin cewa samu ba a tallarsa. Ana tsoron baki, ana tsoron hassada, ana kuma tsoron ranar da dangi za su san adadin, domin daga ranar duk wani suna da aure da kuɗin asibiti a kanka zai sauka. To, ba wannan ake nufi ba. Abin da ake bayyanawa kuɗin kujera ne, ba abin da ke aljihun wanda ya zauna a kanta ba. Ma'aikata ta fito fili ta ce wannan matsayi ana biyansa daga kaza zuwa kaza, ga abin da ke sa a ƙara wa mutum, shekarun aiki ne ko takarda ko nauyin da ya ɗauka. A rubuta shi tun a tallar neman ma'aikaci. Kuma kada a hukunta wanda ya tambayi abokin aikinsa nawa ake ba shi.

Shi kuwa giɓin albashi tsakanin maza da mata, abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai irin na ƙanwata, aiki ɗaya kuɗi daban. Akwai kuma wanda ake gani idan an tara albashin dukan maza da na dukan mata an fitar da matsakaici: in namiji yana samun sidi 100 mace tana samun 80, giɓin kashi 20 cikin ɗari ke nan, kuma kusan haka Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta shi a faɗin duniya. Wannan na biyu yana iya fitowa ko da ba a zalunci kowa a ambulan ba, matuƙar maza ne suka cika manyan kujeru, mata kuma suna ƙasa.

Namu na Ghana ya fi haka. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, daga binciken kuɗin shigar gidaje na farkon 2022, ta gano cewa a cikin ma'aikatan da ake biya, mata suna samun ƙasa da maza da kashi 34.2 cikin ɗari. Abin lura, an fitar da wannan adadi ne bayan an daidaita shekaru da ilimi da ƙwarewa da irin sana'a da yankin da mutum yake. Ke nan ba za a ce ai matan ba su yi karatu ba ne. Amma inda na fi tsayawa shi ne yadda giɓin yake canzawa daga wuri zuwa wuri. A aikin gwamnati kashi 10.5 ne. A kamfanoni masu rajista 29.9. A ayyukan da ba su da takarda, shago da gidan abinci da wurin ɗinki, ya kai 58.7.

Ban ce sirri kaɗai ya jawo wannan ba, amma dubi yadda abin ya jeru. Tun 2010 ma'aikatan gwamnati suna kan tsarin albashi na bai-ɗaya, wanda kowa ke kira Single Spine, mai matakai 25. Malamar makarantar gwamnati a Asawase ta san matakinta, ta san abin da matakin ke biya, kuma in ta ga takardar albashinta ta gaza, ta san abin da za ta nuna. Abin da ya rage na giɓin yakan ɓuya a ƙarin girma da alawus. A can ɗaya gefen kuwa, inda ake ciniki tsakanin mai gida da mai neman aiki a bayan ƙofa, nan ne mace ta fi faɗuwa. An tarbiyyantar da ita da kunya da kawaici, an ce mata ja-in-ja a kan kuɗi ba halin 'yar mutunci ba ne, sai ta karɓi abin da aka fara faɗa ta yi godiya.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 24 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya ce a biya kuɗi ɗaya a kan aiki ɗaya ba tare da wani bambanci ba, sashe na 68 na Dokar Ƙwadago ta 2003 ya maimaita, kuma akwai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa da ake kai ƙara. Sai dai wanda bai san an cuce shi ba, ƙarar me zai kai? A Amurka, Lilly Ledbetter ta yi kusan shekara 19 tana aiki a kamfanin taya na Goodyear kafin wani ya ajiye mata 'yar takarda marar suna da ke nuna abin da ake biyan maza masu matsayinta. A 2007 Kotun Ƙoli ta ce ta makara da kai ƙara. Sai a 2009 aka gyara dokar, kuma ita ce doka ta farko da Barack Obama ya sa wa hannu.

Birtaniya tun 2017 ta wajabta wa duk ma'aikata mai mutum 250 zuwa sama ta wallafa giɓinta duk shekara. Tarayyar Turai kuma a 2023 ta kafa ƙa'idar da wani sashe nata ya fi burge ni: an hana mai ɗaukar aiki ya tambayi mutum nawa ake biyansa a wurin da ya baro. Duk wanda ya taɓa zama gaban masu tantancewa a Adum ko Accra ya san wannan tambaya. Macen da aka fara da ita a ƙasa, in ta faɗi gaskiya, a kan wannan ƙasan za a ɗora mata ɗan ƙari, haka za ta yi ta jan tsohuwar cuta daga ofis zuwa ofis. Har tsufa abin yake bin ta, tunda kuɗin SSNIT, asusun fansho na ma'aikatan Ghana, daga albashi ake yankarsa, kashi 5.5 daga ma'aikaci, 13 daga mai gida, fansho kuma a kan shekaru uku mafiya tsoka ake lissafa shi.

Bayyana albashi ba ya maganin komai. Claudia Goldin, masaniyar tattalin arziki da ta samu kyautar Nobel a 2023, ta nuna cewa babban ɓangaren giɓin yana buɗewa ne bayan haihuwar fari. Hutun haihuwa a dokarmu mako 12 ne, bayansa kuma uwa ce ke barin aiki in yaro ya yi zazzaɓi. Haka nan 'yar kayayo, mai dakon kaya a kasuwar Kejetia, ba ta da takardar albashin da za a bayyana.

Amma hujjar mai makarantar ce har yau take ci mini rai, domin na sha jin ta a bakin mutanen kirki. Ciyarwar da addini ya ɗora wa miji tsakaninsa da matarsa ne, ba rangwame ba ne da aka yi wa mai ɗaukar aiki. Lada na gumi ne. Kuma zawarawa nawa ne a zangonmu suke riƙe da marayu, mata nawa ne albashinsu ke biyan haya?

Ƙanwata ba ta bar aikin ba, don ba ta da wani a hannu. Abin da ta yi shi ne, ta tara malamai mata uku a ɗakinta bayan la'asar, kowace ta rubuta albashinta a takarda, suka buɗe tare. A taron malamai na gaba suka roƙi a liƙa jadawalin matakan albashi a ofis, babu sunan kowa a ciki. Mai makarantar ya ce zai duba.