Neman likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Jos: ta ina ake farawa?

Shi ne likitan masu taɓin hankali?

A'a, kuma wannan ruɗanin yana hana mutane zuwa asibiti. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yana duba farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon kai mai yawan dawowa, karkarwar hannu, mantuwar tsufa da dindiris na ƙafa. Taɓin hankali fanni ne daban. Mai yin tiyatar ƙwaƙwalwa ma wani likita ne daban.

Ina ake samun sa?

A asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, da ke Lamingo. Amma ba a shiga kai tsaye a ce ana son ganinsa. Likitan da ya fara duba ka, ko a asibitin Jankwano ne, ko a asibitin ƙwararru na jiha, ko a unguwarku, shi zai rubuta takardar turawa. Da ita za a ba ka rana. Ƙwararrun ba su da yawa a ƙasar nan, don haka sai an yi haƙurin layi.

Idan bakin Baba ya karkace yanzu fa?

Wannan ba maganar jiran rana ba ce. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan: a wuce sashen gaggawa nan take, a riƙe lokacin da abin ya fara. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa yana da iyakar awa 4 da rabi daga farawar abin, kuma sai an yi hoton ƙwaƙwalwa na CT kafin a ba da shi. Sau da yawa awannin nan a gida suke ƙarewa, ana shafa mai ana cewa iska ce. Addu'a dai a cikin mota ma ana yin ta.

Yaya zan gane na kirki?

Ya zama yana da rajistar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, da shaidar ƙwarewa irin FWACP ko FMCP. Tambayar wannan a asibitin kuɗi ba rashin kunya ba ne. Ni abin da na fi dubawa shi ne ko yana sauraro, ya gwada tafiyarka da ƙarfin hannunka kafin ya tura ka ɗaukar hoton MRI. Sannan ka zaɓi wanda za ka iya komawa wurinsa, domin maganin farfaɗiya shekaru ake yi ana sha, ba a kuma yanke shi rana ɗaya.

Me zan tafi da shi?

Kwalayen magungunan da ake sha, har na gargajiya, da tsofaffin sakamakon gwaji. Mai farfaɗiya ya je da wanda ya ga faɗuwarsa, tunda shi ba ya tunawa. In an ɗauki bidiyo a waya, a nuna wa likita.