Zirga-zirgar panda tsakanin garkunan da suka rabu

Panda dabba ce mai launin fari da baƙi, wadda a yau ba a samunta a daji sai a larduna uku na ƙasar Sin: Sichuan da Shaanxi da Gansu. Ƙidayar ƙasa karo na huɗu, wadda aka fitar da sakamakonta a 2015, ta nuna akwai panda 1,864 a daji. Ƙaruwar da aka samu ce ta sa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sassauta matsayin dabbar a 2016, daga masu fuskantar ƙarewa zuwa masu rauni. Sai dai adadin yana rufe wata matsala. Dabbobin a warwatse suke cikin garke 33 a tsaunuka shida: Qinling, Minshan, Qionglai, Daxiangling, Xiaoxiangling da Liangshan. A garke 18 daga cikinsu, panda ba su kai goma ba.

Koguna irin su Dadu sun daɗe da raba wasu garkunan, amma tituna da gonaki da ƙauyuka da saran itatuwa su ne suka ƙara daddatsa dajin.

Garken da aka killace yana fuskantar haɗari iri biyu. Na farko shi ne barbara tsakanin 'yan uwa na jini, wadda ke raunana zuri'a a hankali. Panda kuwa dama ba mai yawan haihuwa ba ce: macen tana neman namiji sau ɗaya a shekara, na kwana ɗaya zuwa uku kacal. Idan babu baligin namiji kusa a waɗannan kwanaki, shekarar ta tafi a banza. Abin lura a nan, a yawancin dabbobi masu shayarwa maza ne ke barin gida, amma binciken ƙwayoyin gado ya nuna a panda mata ne suka fi yin nisa da mahaifarsu. Don haka duk titin da ya tare budurwar panda ya tare sabon jini ke nan.

Na biyu shi ne yunwa. Kusan duk abincin panda gora ce, ita kuwa gora takan yi fure gaba ɗaya bayan shekaru masu yawa, sannan ta bushe. A da dabbar takan gangara kwari ta sami wani nau'in gorar. Yanzu kwarin ya zama gona. A tsakiyar shekarun 1970 an tsinci gawarwakin panda fiye da ɗari a Minshan bayan irin wannan fure, kuma an sake shiga matsi a Qionglai a 1983.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne buɗe wa dabbar hanya, kamar burtalin shanu tsakanin gonaki. A Qinling, bayan an karkatar da babbar hanya mai lamba 108 ta ƙarƙashin dutse, an dasa gora a gefen tsohon titin domin garkunan da ya raba su sake haɗuwa. Aiki ne mai cin lokaci, domin panda takan ƙi wurin da ta saba jin motsin mutane.

Inda babu halin yin haka, akan ɗauki dabbar a kai ta. Namijin farko da aka haifa a hannun mutane aka saki, Xiang Xiang, ya shiga dajin Wolong a 2006, aka tsinci gawarsa a 2007, da alamun ya yi faɗa da mazan daji. Wata mace 'yar daji mai suna Lu Xin, wadda aka ceto aka kai gandun Liziping a Xiaoxiangling a 2009, ta zauna lafiya har ta haihu. An saki Tao Tao, wani namiji da aka haifa a hannun mutane, a can a 2012.

A 2021 Sin ta kafa Gandun Panda na Ƙasa, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 22,000, wanda ya haɗa gandaye da dama ƙarƙashin hukuma ɗaya. Sai dai bai haɗa da Liangshan ba, inda wasu ƙananan garkuna suke.