Farautar Usama bin Laden da ƙasashen da suka ba shi mafaka

Farautar Usama bin Laden ita ce neman da Amurka ta shafe kusan shekara 15 tana yi wa shugaban ƙungiyar Alƙa'ida, tun daga 1996 da hukumar leƙen asiri ta CIA ta buɗe ofis guda don shi kaɗai, har zuwa daren 2 ga Mayu 2011 da sojoji suka bindige shi a garin Abbottabad na Pakistan. Abin da ya sa neman ya daɗe haka ba wai mutumin yana da layar zana ba ne, kusan duk inda ya zauna akwai gwamnatin da ta shimfiɗa masa tabarma ko kuma ta kau da kai. A Sudan da Afganistan wannan ba a musu a kai, a Pakistan ne har yau ake ja-in-ja.

Asali da yaƙin Afganistan

An haife shi a Riyad a 1957, mahaifinsa Muhammad bin Laden ɗan asalin Hadramaut ne a Yaman, kuma babban ɗan kwangilar gine-gine na gidan sarautar Saudiyya. Da Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan a Disamba 1979 sai Amurka da Saudiyya suka fara zuba kuɗi da makamai ga mujahidai, amma fa ba hannu da hannu suke ba su ba, Janar Ziya'ul Haƙ na Pakistan ya kafa sharaɗi cewa komai sai ya bi ta hannun hukumar leƙen asirin sojansa wato ISI. Ita ke rabo tsakanin jam'iyyu bakwai da ke zaune a Peshawar, ita ke zaɓar wanda zai samu kaso mai tsoka, kuma galibi masu zafin ra'ayi irin su Gulbuddin Hekmatyar ta fi fifitawa. Daga nan ISI ta koyi sana'ar da ba ta sake bari ba: ka riƙe ƙungiya mai bindiga, ta yi maka aiki a ƙetare, in an tambaye ka ka ce ba ka san zancen ba.

Usama ya shigo ne ta ɓangaren Larabawa. Wajen 1984 shi da malaminsa Abdullahi Azzam suka buɗe Maktabul Khidamat a Peshawar, ofishin karɓar baƙin mayaƙa da tara gudummawa, sannan a 1988 aka kafa Alƙa'ida. Maganar da ake yawan yi cewa CIA ce ta horar da shi da kanta, Amurka ta musanta, su ma shugabannin Alƙa'ida sun musanta.

Zaman Sudan

Bayan ya ɓata da sarakunan Saudiyya kan sauke sojojin Amurka a ƙasar lokacin yaƙin Kuwait, ya koma Sudan, wasu na cewa ƙarshen 1991 wasu 1992. Lokacin Umar al-Bashir ne ke kan mulki amma Hassan al-Turabi ne mai faɗa a ji, kuma Khartum ta zama matattarar 'yan gwagwarmaya iri-iri, har Carlos, ɗan ta'addan nan ɗan Benezuwela da Faransa ke nema, yana can, sai a Agusta 1994 aka miƙa shi. Usama ya zauna a unguwar Riyad ta Khartum kamar kowane attajiri, yana da kamfanin hanya mai suna al-Hijra da gonaki da dawakai, ya yi wa gwamnati aikin titin da ya nufi Shendi da Atbara, gefe guda kuma yaransa na ta atisaye.

Amurka ta saka Sudan a jerin ƙasashe masu tallafa wa ta'addanci a Agusta 1993, Saudiyya kuma ta ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa a 1994. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne yunƙurin kashe shugaban Masar Hosni Mubarak a Addis Ababa a Yuni 1995, wanda aka ce maharan ta Sudan suka bi. Matsi ya yi yawa, a Mayu 1996 aka ce masa ya tattara ya tafi, ya hau jirgi zuwa Jalalabad ya bar dukiya mai yawa da bai taɓa karɓowa ba. Jami'an Sudan daga baya sun ce sun yi tayin miƙa shi, jami'an gwamnatin Clinton sun ce babu wani tayi na gaskiya. Sai a Disamba 2020 aka cire Sudan daga wancan jeri.

Baƙon Mulla Umar

Wata huɗu da saukarsa Taliban ta kama Kabul, a Satumba 1996. Ƙasashe uku kacal suka amince da gwamnatinta, Pakistan da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma Pakistan ce mai ba da mai da makamai da masu ba da shawara. Dalilinta bai wuce tsoron Indiya ba, sojojinta ba sa son a samu gwamnati a Kabul da za ta haɗa kai da Delhi a saka su a tsakiya, ga kuma sansanonin Afganistan ɗin suna amfani wajen horar da masu yaƙin Kashmir.

A 7 ga Agusta 1998 Alƙa'ida ta tayar da bama-bamai a ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam, mutum 224 suka mutu, mafi yawansu 'yan Kenya ne masu neman abincinsu. Ranar 20 ga watan Amurka ta harba makamai masu linzami kan sansanonin Khost da kuma masana'antar magani ta al-Shifa a Khartum. Usama ba ya wurin, masana'antar kuwa har yau hujjar da aka bayar ta cewa ana haɗa makami mai guba a cikinta ba ta gamsar da mutane da yawa ba. Yarima Turki al-Faisal, shugaban leƙen asirin Saudiyya, ya je Kandahar sau biyu a shekarar don a ba shi mutumin, zuwa na biyu suka rabu baram-baram da Mulla Umar shugaban Taliban, wanda ya tsaya kan cewa a al'adar Fashtun ba a miƙa baƙo ga maƙiyinsa. Takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1999 ma bai sa ya canza ba.

Bayan 11 ga Satumba

Harin 11 ga Satumba 2001 ya kashe kusan mutum 3,000. Amurka ta fara ruwan bama-bamai a Afganistan ranar 7 ga Oktoba, ta saka ladan dala miliyan 25 a kansa, a Disamba aka yi masa ƙawanya a duwatsun Tora Bora amma aikin ƙasa an bar shi ne ga mayaƙan yankin da aka biya kuɗi, sai ya sulale. Daga nan shiru, sai dai kaset da bidiyo a tashar Aljazeera lokaci zuwa lokaci.

Shugaban Pakistan Janar Pervez Musharraf ya shiga sahun Amurka, ya ce wai an yi musu barazanar za a mayar da ƙasarsu zamanin dutse in suka ƙi, Richard Armitage, mataimakin sakataren harkokin wajen Amurka da aka jingina wa maganar, ya ce bai faɗa ba. Kuma gaskiya Pakistan ta kama manya: Abu Zubaida a Faisalabad a Maris 2002, Ramzi bin al-Shibh a Karachi a Satumbar shekarar, Khalid Sheikh Muhammad a Rawalpindi a Maris 2003, Abu Faraj al-Libi a Mardan a 2005. Sai dai in ka lura duk 'yan Alƙa'ida ne, shugabannin Taliban na Afganistan kuwa suna zaune a Kwetta, mayaƙan Haƙƙani, abokan Taliban, suna Waziristan ta Arewa, Lashkar-e-Taiba da ta kai harin Mumbai na 2008 tana harkarta da wani sabon suna. Ga biliyoyin daloli na tallafin Amurka suna shigowa. A Satumba 2011 babban hafsan Amurka Mike Mullen ya faɗa a gaban majalisar dattawa cewa ƙungiyar Haƙƙani tamkar reshe ce ta ISI. Pakistan na amsawa da cewa ita ma dubban sojojinta da fararen hula sun mutu, musamman bayan kafa Taliban ta Pakistan a 2007, kuma wannan ma gaskiya ne.

Ɗan aike da gidan Bilal Town

Tunda ba ya taɓa waya, sai aka koma bin ɗan aikensa. Fursunoni sun sha ambaton wani Abu Ahmad al-Kuwaiti, Bafashtune da ya tashi a Kuwait, an ɗau shekaru kafin a gano sunansa na gaskiya da lambar wayarsa, mutum ne da sai ya yi nisa da gida sosai yake saka batir a waya. A Agusta 2010 aka bi farar motarsa Suzuki har Abbottabad. Ko azabtar da fursunoni ce ta fito da sunan, CIA ta ce ta taimaka, rahoton majalisar dattawa na 2014 ya ce a'a.

Gidan bene ne hawa uku a unguwar Bilal Town, an gina shi wajen 2005, katanga ƙafa 12 zuwa 18 da waya mai ƙaya a sama, babu layin tarho babu intanet, shara ma ba sa fitarwa a ciki suke ƙonawa. Suna da kaji da shanu da ɗan lambu. Maƙwabta sun ce in ƙwallon yara ta faɗa ciki ba a dawo da ita, sai a miƙo musu kuɗi su sayi wata. Daga sama ana hango wani dogon mutum yana kai-komo a lambun kullum amma bai taɓa leƙa ƙofa ba. Abin da ya fi ɗaure kai, tsakanin gidan da makarantar horar da hafsoshin soja ta Kakul bai kai kilomita biyu ba, a gari cike da barikoki da tsofaffin janar-janar.

Don a tabbatar, CIA ta yi amfani da wani likita, Shakil Afridi, ya shirya rigakafin ciwon hanta na bogi da nufin samun jinin yaran gidan. Pakistan ta ɗaure shi shekara 33 a 2012 kan wata tuhuma daban, daga baya aka rage. Ɓarnar da wannan dabara ta yi ba kaɗan ba ce, ma'aikatan foliyo aka shiga kashewa a Pakistan, kuma duk wanda ya tuna ƙauracewa allurar foliyo a Kano a 2003 ya san wahalar goge irin wannan zargi daga zukatan iyaye. A 2014 fadar White House ta ce CIA ba za ta sake fakewa da rigakafi ba.

Daren farmaki

Obama ya ba da umarni ba tare da an sanar da Pakistan ba. Jirage masu saukar ungulu biyu suka taso daga Jalalabad ɗauke da zaratan sojan ruwa 23 da tafinta da kare, ɗaya ya rikito cikin harabar gidan, da za su tafi suka tarwatsa shi. Cikin kamar minti 40 an gama. An kashe Usama a hawa na uku, da ɗansa Khalid, da al-Kuwaiti, da ɗan'uwansa Abrar da matar Abrar ɗin, an harbi matar Usama, Amal, 'yar Yaman a ƙafa. Gawar aka kai jirgin ruwan yaƙi Carl Vinson aka jefa a Tekun Arabiya, Amurka ta ce an yi masa wanka da sallah, malamai da dama ciki har da na Azhar sun ce jefa gawa a teku ba tare da larura ba ya saɓa wa shari'a. An rushe gidan a Fabrairu 2012.

Wa ya sani?

Kwamitin da Pakistan ta kafa ƙarƙashin Mai Shari'a Javed Iƙbal, wanda Aljazeera ta fallasa rahotonsa a Yuli 2013, ya ce mutumin yana ƙasar tun 2002, ya zauna a Swat da Haripur kafin Abbottabad, har ɗan sanda ya taɓa tare motarsu saboda gudu bai gane shi ba. Ya ɗora laifin kan sakaci da gazawar hukumomi daga sama har ƙasa, amma bai rufe ƙofar cewa wasu sun taimaka ba. Ɗan jarida Seymour Hersh a 2015 ya ce ISI ce ke tsare da shi tun 2006, Washington da Islamabad duk sun ƙaryata. Amurka ba ta taɓa saka Pakistan a jerin masu tallafa wa ta'addanci ba, sai dai Trump ya dakatar da tallafin tsaro a Janairu 2018.

Iran ma ta riƙe wasu 'ya'yansa da manyan Alƙa'ida shekaru, wasu na kiransa ɗaurin talala wasu mafaka.

Najeriya

An yi zanga-zangar adawa da harin Afganistan a Kano a Oktoba 2001 wadda ta rikiɗe ta zama rikici, kuma a lokacin an raɗa wa jarirai da yawa suna Usama. A wani kaset na Fabrairu 2003 ya ambaci Najeriya cikin ƙasashen da ya ce sun isa a 'yantar. Cikin takardun da aka kwaso a Abbottabad akwai wasiƙar Abubakar Shekau yana neman kusanci da shugabannin Alƙa'ida.

Magaji

Ayman al-Zawahiri ne ya gaje shi. Jirgi maras matuƙi ya kashe shi ranar 31 ga Yuli 2022 a barandar wani gida a unguwar Sherpur ta Kabul, ƙasa da shekara ɗaya da dawowar Taliban mulki, Taliban ɗin ta ce ba ta san yana garin ba.