Kare Tsofaffinmu Idan Annoba ta Ɓarke: Tambayoyi da Amsoshi

A Jos yawancin tsofaffinmu a gida suke, a gaban 'ya'ya da jikoki. Amma lalura kan sa a kai wani gidan kula da tsofaffi, wani kuma ya daɗe kwance a asibiti, wata a ɗauko mata mai jinya. Duk inda aka tara masu raunin jiki wuri ɗaya, cuta kan sami hanya.

Me ya sa cuta ke saurin bazuwa a irin waɗannan gidaje?

Garkuwar jikin tsoho ta yi sanyi, ga shi sau da yawa yana fama da ciwon suga ko hawan jini. Sannan bayi ɗaya ake shiga, hannu ɗaya ne ke yi wa wannan wanka ya ba wancan abinci. Tsohon da ba ya fita ba shi ke ɗauko cuta ba, kawo masa ake yi. Lokacin korona, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, gidajen tsofaffi a Amurka da Ingila sun yi asarar rayuka masu yawa ta wannan hanya.

Jikin Baba ba zafi, yaya zan gane ya kamu?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna. Tsoho kan kamu da ciwon huhu ko na mafitsara jikinsa bai yi zafi ba. Abin da za ka gani shi ne ya ƙi abinci, barci ya yi masa yawa, numfashi ya yi sauri, ko ya faɗi a hanyar bayi. Wani sai ya rikice dare ɗaya, ya kira jika da sunan ƙaninsa da ya rasu. Mu kuma sai mu ce tsufa ne, ko a ce iska ce. Ruɗewar tsufa a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. Wadda ta zo tsakanin jiya da yau ta likita ce, kuma a ranar, ba sai an gama gwada maganin kemis ba.

Waɗanne cututtuka ne suka fi barazana a nan?

Kowane lokaci da nasa. Hunturun Disamba da Janairu, da sanyin Jos da kowa ya sani, na mura da ciwon huhu ne, don ana rufe tagogi ruf a kwana da gawayi, wanda hayaƙinsa ma kisa yake yi. Damina ta amai da gudawa ce. Rani kuwa na zazzaɓin Lassa ne, wanda ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Jos ta san wannan cuta tun farkonta: an gano ta a 1969, a 1970 kuma ta ɓarke a asibitin mishan na garin nan, har ta kashe likita Jeanette Troup. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a yi zargin Lassa. Tarin da ya kai mako 2, a gwada tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

To, mu daina zuwa gaishe su ke nan?

A'a. Kaɗaici ma ciwo ne, kuma idon ɗa ne ke fara ganin canjin da ma'aikaci mai tsofaffi da yawa a hannu zai iya tsallakewa. A je, amma mai mura ko gudawa ya haƙura, ya kira waya ya ce, "Hajiya, ina ɗan tari ne, sai na warke zan zo." Ba rashin zumunci ba ne. A rage ayarin dubiya, musamman yara 'yan makaranta. A wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin a yi musabaha, a zauna a tsakar gida ko a buɗe taga, a sa takunkumi idan ana yayin tari.

Me zan tambayi masu kula da gidan?

Kada kunya ta hana ka. Akwai ɗakin keɓe wanda ya kamu? Ma'aikacin da ba shi da lafiya ana barinsa ya huta, ko tsoron yanke albashi ke kawo shi aiki? Daga ina ruwan sha yake? Ka leƙa madafa ka ga ko hatsi a rufe yake.

Idan mutum biyu ko uku suka kamu lokaci ɗaya fa?

A sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, a 6232, kyauta. Idan gudawa ce, a fara ba da ruwan gishiri da suga nan take: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, don haka kada a jira ya nema, a riƙa ba shi kurɓi-kurɓi har a isa asibiti.